Ofishin masu zanen gini da suka nema min izinin ɗakunan ma'aikatan gona: aiki mai kyau amma sai ka bi su da waya

Duk mai gonar kaji ko shanu a ƙauye ya san dole ne wasu ma'aikata su kwana a wurin, saboda ƴan tsaki ba sa jiran gari ya waye, ga kuma ɓarayi. To ni ɗakuna nake so da banɗaki da ɗan kicin a gefen gonar, shi ya sa na je wani ofishin masu zane da safiyo (mai auna fili) a garinmu su haɗa min komai har izini ya fito.

Abin da ya fara burge ni gsky shi ne ba su ce min kawo kuɗi kawai ba. Ogan nasu ya karɓi takardar cinikin gonar mai sa hannun dagaci ya duba, ya ce Alhaji wannan shaidar ciniki ce, ba izinin gini ba ce. Ya yi min bayani cewa dokar filaye ta 1978 ta sa filin da ba na cikin birni ba a hannun ƙaramar hukuma, ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, kuma in gona ta wuce hekta 500 sai da amincewar gwamna, ta kiwo kuma 5000. Tawa ko kusa ba ta kai ba. Amma inda gizo ke saƙa shi ne an rubuta filin na noma ne, in ka tashi ka gina wurin kwana sai ka nuna a zane cewa na ma'aikatan gonar ne ba gidan haya ba, in ba haka ba wata rana ka wayi gari ka ga jan fenti a bango.

Safiyonsu ya zo har gonar, bai zauna a ofis ya zana daga hoton waya ba kamar yadda wasu ke yi, ya bi iyaka da ƙafa ya kafa duwatsu, har ya sa aka kira maƙwabcina ya tsaya aka yi a gabansa. Mai zanen kuma ya matsar da ɗakunan nesa da kejin kaji saboda wari da cuta, ya kai sokawe can ƙasa nesa da burtsatse don kar ruwan sha ya lalace, ni da a kusa da gate na so a yi amma hujjarsa ta fi tawa. Zanen ya zo da hatimin ARCON, takardar injiniya da na COREN, ta safiyo da na SURCON, wato hukumomin da ke yi wa masu zanen gini da injiniyoyi da safiyo rajista, ku riƙa duba wannan don Allah, akwai masu zane barkatai da ba su da rajista.

Matsalarsu ɗaya babba: sadarwa. Ka kira ba a ɗauka, ka tura saƙo ta WhatsApp a gani a yi shiru, sai ka taka ka je sannan a ce ai fayil na kan teburin wane. Sannan kuɗin da suka faɗa da farko bai haɗa da na gwamnati ba, daga baya ne aka riƙa kawo min wannan a biya, wancan a biya, duk da dai wlh kowanne sun ba ni rasit, ban ga inda suka ci nawa ba. Da sun zauna tun ranar farko sun rubuto min komai a takarda ɗaya da na tsara aljihuna, don lokacin ana shirin shuka ne kuɗi duk sun tafi taki.

Izinin dai ya fito, an zo an duba wurin kafin mu sa bulo. Zan sake ba su aiki, amma wanda zai je ya ce su rubuta masa jimillar kuɗi har da na hukuma, ya kuma karɓi lambar yaron da ke bin fayil ɗin ba ta oga ba.