Gargaɗi kan masu tallan man gemu a Katsina

Jama'a don Allah ku tura ma 'yan uwanku, musamman magidanta irin yayana da suka haura arba'in gemu bai cika ba.

Akwai wani da ke talla a TikTok da sitatus na WhatsApp, wai man gemu na gargajiya haɗin Misra, kwana 7 ƙasumba ta haɗe da saje. Har da wa'azi yake farawa, wai taimakon sunna yake. Yayana shekararshi 46, gemunshi ɗan tsut ne a haɓa tun yana saurayi, abokai a majalisarsu ta Ƙofar Ƙaura kullum tsiya suke mashi, sai kawai ya tura dubu 18 bai faɗa ma kowa ba. Aka aiko mashi kwalba uku ta tashar mota, ba lambar NAFDAC, ba adireshi, ba a ma rubuta abin da ke ciki ba, takarda ce kawai aka liƙa da hoton wani Balarabe mai gemu har ƙirji.

Na shinshina da kaina, man darbejiya ne da tafarnuwa, warin har tsakar gida. Aka ce ya shafa ya kwana da shi, in ya ji zafi to magani ne ke aiki. Kwana uku fatar kumatu ta tashi, ƙuraje masu ruwa, wurin ya yi baƙi kamar ƙunar tukunya. Ɗanyar tafarnuwa dama tana ƙona fata in ta daɗe a jiki. Ya kira mutumin aka ce "Alhaji dattin jini ne ke fita, ƙaro kwalba biyu", da ya nemi kuɗinshi sai bulok.

Hoton kafin da bayan da mai tallan yake sawa kau, ku duba kunnen, ba mutum ɗaya ba ne wallahi.

Gemu gado ne. Yawan saiwar gashin fuska da yadda take karɓar sinadarin maza, wato testosterone da DHT, da shi aka haife ka, ka dubi babanka da kawunnanka. Man kaɗanya, man zaitun, habbatussauda, duk suna laushe gashin da ke akwai su hana fata bushewa a hunturu, ni ma ina shafawa, amma ba su shuka saiwa inda babu. Aski ma ba ya ƙara kauri, tsinin gashin ne ake yankewa sai ya yi kaushi. Ko minoxidil, maganin fitar da gashi da Amurka ta amince da shi a 1988 don gashin kai ne, asalinshi maganin hawan jini, kuma sai an yi watanni ana shafawa. Mai shekaru irin Yaya ya kamata ya fara ganin likita kafin ya taɓa shi.

Yanzu dai Yaya da takunkumi yake zuwa masallaci, wai mura. Shi kuma mutumin jiya na ga ya buɗe sabon shafi da wani suna, kwalbar dai ita ce, ya ƙara da maganin sanƙo.