Wata huɗu da sabuwar fatar birki ta siramik da faifai: abin da na gani

Sitiyari ne ya fara ba ni labari. Duk lokacin da na taka birki ina gudun kilomita 80 ko fiye, sai in ji yana kakkaɗawa a hannuna, feda kuma tana bugun tafin ƙafata. Bayan 'yan makonni sai ga wata siririyar ƙara daga gaba. Wannan ƙarar da gangan aka yi ta: wani ɗan ƙarfe ne a jikin fatar birki da ke fara gogar faifai (zagayayyen ƙarfen da ke juyawa da taya, wanda fata ke matsewa) idan fatar ta cinye ta koma kamar milimita 2 zuwa 3, alhali sabuwa tana kai 10 zuwa 12. Da na cire taya, na tarar fatar ciki ta ɓangaren dama ta kusa ƙarewa, ta waje kuwa da sauranta. Faifan ma duk ya yi zane. A jikin kowane faifai ana buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, nawa ya zo daf da wannan lambar.

Sai na sayi saiti guda: faifai biyu, fata huɗu na siramik, ƙananan ƙarafan da fatar ke zamewa a kansu, da ɗan ƙunshin giris. Ɓangare biyu ake canzawa tare, domin idan ɗaya ya fi ɗaya kamu, mota za ta riƙa fizga gefe.

Faifan sun burge ni tun a kwali. Suna da nauyi, fuskarsu sumul, an kuma shafe tsakiyarsu da gefensu da fentin hana tsatsa. Har yau wurin bai yi ja ba, duk da ruwan da motar ta sha. Sun zo da ɗan maiƙo a fuska, wanda dole a wanke da feshin wanke birki kafin a ɗaura, in ba haka ba sabuwar fata ce za ta shanye shi.

Inda saitin ya gaza shi ne ƙananan ƙarafan nan. Biyu daga ciki ba su zauna daram ba, sai da na ɗan lanƙwasa su kafin fata ta yi motsi yadda ya kamata. Takardar bayanin kuma zane huɗu ne kawai, babu ko kalma ɗaya a kan abubuwa biyu da na ga su ne ƙashin bayan aikin.

Na farko, mazaunin faifai. Da tsohon faifai ya fita (sai da guduma, don tsatsa ta manne shi), na shafe kusan minti 15 a kowane ɓangare ina kankare wurin da burushin waya har ƙarfe ya fito fes. Ɓarɓashin tsatsa kaɗan ya isa ya sa sabon faifai ya zauna a karkace. Ido ba zai gani ba, amma a hankali fata za ta ci shi ba daidai ba, rawar sitiyari ta dawo, mutum ya ɗora laifi a kan kayan da ya saya. Na biyu, sandunan da kalifa (ƙarfen da ke riƙe fata yana matse ta a kan faifai) ke zamewa a kansu. A nan na gano dalilin cinyewar fata ɗaya ta bar 'yar'uwarta: sanda guda ta bushe ƙamas, da ƙyar na zaro ta. Na goge su, na shafa girisin silikon, saboda girisin da aka yi da man fetur yana kumbura robar da ke rufe su. Da na sa sabbin kaya ban taɓa sandar nan ba, da asarar ta maimaita kanta.

Sauran aikin ba wuya, sai dai akwai wuraren da ba a wasa da su. Mota a kan ƙarfen tokare take zama, ba a kan jak kaɗai ba. Kalifa na rataye ta da waya don kada nauyinta ya ja tiyon man birki. Fistin da ke tura fata na mayar da shi ciki a hankali da matsi, ina leƙa tankin man birki kada ya yi ambaliya. Notin taya na ɗaure su tsallake-tsallake da sifana mai auna ƙarfi, daidai adadin da littafin motar ya faɗa. Kafin in motsa ko taku ɗaya, na tattaka feda har ta yi tauri, don takun farko ƙasa take tafiya ba tare da ta kama komai ba. Duka ya ci mini awa uku.

Daga nan na nemi hanyar da ba kowa, na yi ta hawa gudun kilomita 60 ina saukowa 10 ba tare da na tsaya cak ba, kamar sau goma, sannan na yi tafiya ba birki har suka huce. Haka fata ke shimfiɗa siririn shafe daga jikinta a fuskar faifai daidai wa daida.

To, yaya suke yanzu? Shiru, ko da sassafe. Rawar sitiyari ta tafi gaba ɗaya. Ƙurar da suke fitarwa kaɗan ce kuma mai haske, rim ba ya baƙi kamar da. Amma kamunsu na farko ya fi na tsohuwar fatata mai haɗin ƙarfe laushi, musamman kafin su ɗumama, sai da ƙafata ta yi kamar mako guda kafin ta saba. Ga mai zirga-zirgar yau da kullum da ƙaramar mota, zan sake sayen irinsu ba tare da shakka ba. Wanda ke ɗaukar kaya masu nauyi ko yake yawan saukar doguwar gangara, ni dai fata mai haɗin ƙarfe zan ce ya nema, ta fi jure zafi.

Makon jiya na sake cire tayar dama na auna. Fatar ciki da ta waje kaurinsu ɗaya.