Wata huɗu ina duba kwangilolin riɗi da manhaja

Aikina a kamfaninmu shi ne in karanta kowace yarjejeniya kafin Alhaji ya sa hannu. Riɗi da zoɓo muke saye a Dawanau mu fitar ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma galibi mai saye ne ke turo tasa takardar, wadda lauyoyinsa suka tsara don kare shi. Wata har shafi 40 take kaiwa. A da, yini biyu nake yi a kan guda ɗaya, ni da jan biro.

Yau wata huɗu ke nan muna amfani da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke aiki a cikin Microsoft Word. Ba ta taɓuka komai sai ka ba ta ƙa'idojin kamfani a rubuce, mu kuwa namu a kan Alhaji suke. Mako guda muka yi da lauyanmu muna fitar da su: a biya mu cikin kwana 30, diyya kada ta haura kuɗin kayan, ciniki a kan FOB (wato nauyinmu ya ƙare da ɗora kaya a jirgi) bisa ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa na Incoterms 2020, in saɓani ya taso a yi sulhu a Legas. Wannan zaman kaɗai ya amfane mu, don a nan muka gane ashe kowannenmu da abin da ya ɗauka shi ne ƙa'ida. Daga nan manhajar ke bin takarda sashe-sashe, ta sa ja inda aka kauce, ta kawo lafazin da za mu mayar musu.

Ranar da na sallama mata, wani mai saye ne ya rubuta FOB a shafin farko, can shafi na 31 kuma ya ɗora mana duk asarar da kaya za su yi har su isa tasharsa. A FOB, da zarar kaya sun hau jirgi haɗarin ya koma wuyan mai saye. Cikin 'yan mintuna ta haɗa sassan biyu ta nuna min sun ci karo. Na san kaina, idona kan gaji tun kafin shafi na 31.

Amma akwai inda ta ba ni tsoro. Wata takarda ta kafa hujja da tsohuwar dokar sulhu ta 1988, wadda sabuwar doka ta maye gurbinta a 2023. Manhajar ta ga "Legas" ta wuce abinta, lauyanmu ne ya kama. Haka takardar ingancin kaya, mai adadin danshi da tsafta: da ta zo a hoto a karkace, sai ta karanta lamba ba daidai ba. Ba ta kuma san mutunci ba. Abokin cinikin da muka shekara goma da shi, muna ɗaga masa ƙafa zuwa kwana 45, kullum ja take sa masa.

Kafin mu ɗora takarda ko ɗaya, sai da muka karɓi alƙawari a rubuce cewa ba za a horar da manhajar da bayananmu ba, saboda sirrin ciniki da kuma dokar kare bayanai ta 2023. Kuɗinta da dala ne, kuma yana da nauyi. Duk da haka mun biya na shekara. Sashen sulhu da na diyya dai har gobe lauya ne ke karanta su da idonsa.