Tsohon injin esfireso: da me za a wanke shi, wane injin niƙa za a haɗa masa?

Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan saye. Ka ce injin esfireso, wato mai haɗa gahawa mai ƙarfi ta hanyar matsa ruwan zafi cikin gari, ya yi shekaru a hannun wani kafin ya zo gare ka, ruwa yana fitowa da ƙyar, gahawar tana ƙauri, kuma yana ɗiga ta gefen ludayin da ake zuba garin. Kana so ka san ko khal ya isa wanki ko sai an nemi maganin musamman, sannan ka rasa na zaɓa tsakanin injin niƙa na juyawa da na lantarki.

Matsaloli ukun nan da ka lissafa asalinsu daban-daban ne, shi ya sa magani ɗaya ba zai kawar da su ba. A cikin tsohon inji dauɗa iri biyu ce. Akwai ƙanzon ruwa, wato farin abin nan mai tauri da kake gani a gindin butar dafa ruwa. Kalshiyam da maganeziyam ne da ke cikin ruwan, zafi ya sa suka daskare a jikin tukunyar injin da cikin bututunsa, su ne suke shaƙe hanyar ruwa. Akwai kuma maiƙon gahawa, wanda yake maƙalewa a rariyar da ruwa ke zubowa ta cikinta, da ƙoƙon gari, da cikin ludayi, ya yi baƙi ya lalace. Daga nan ƙaurin yake. Ƙanzo tsami ne ke narkar da shi. Maiƙo kuwa ko a jikinsa, sai garin wanki dangin soda. Ɗigar gefe ba ma dauɗa ba ce, robar bakin injin ce ta bushe ta ƙage.

Mu fara da ƙanzo, mu jera khal da garin asid na sitirik da maganin da kamfanin injin ke sayarwa. Khal yana narkar da ƙanzo, amma a hankali, kuma warinsa yana kama roba da bututu, sai ka ɗauraye ka sake ɗaurayewa kana jin sa a kofi. Kamfanoni da dama sun hana amfani da shi a littafin injinsu, ni ma ba na ba da shawararsa. Garin sitirik ba shi da wari, ya fi khal saurin aiki, kuma babban cokali ɗaya zuwa biyu a lita ɗaya ta ruwa ya wadatar. Maganin kamfani shi ne ya fi kwantar da hankali, don an haɗa shi daidai da ƙarfen da aka yi tukunyar da shi. A nan ne ya kamata ka san injinka. Rancilio Silvia, wanda ya fito a 1997, tukunyarsa ta farin tagulla ce, tana jure sitirik. Gaggia Classic da aka fara yi a 1991, yawancin tsofaffinsa tukunyar alminiyom gare su, kuma alminiyom ba ya son ya daɗe a cikin tsami. Idan irin wannan ne naka, ka nemi maganin da aka tanadar masa, kada kuma ka bar shi ya kwana a ciki.

Ka cire ludayi da rariya tukuna, ka cika tanki da ruwan maganin, ka saki kaɗan, ka kashe injin ya huta kamar minti 15, ka sake saki, haka har tankin ya ƙare. Daga nan ka bi da tanki biyu ko uku na ruwa zalla. Ni na fi sakin mafi yawan ruwan ta bututun tururi. Dalilina kuwa, na taɓa wanke wani tsohon inji ina ta tura komai ta baki, ɓarɓashin ƙanzo ya ɓantaro ya toshe ɗan hujin bawul, wato abin da ke buɗe hanyar ruwa yana rufewa, ruwa ya tsaya cak. Sai da na kwance bawul ɗin na fitar da shi da siririyar waya. Idan haka ta same ka kada ka ɗauka famfon da ke tura ruwa a cikin injin ne ya mutu.

Maiƙo kuma aikin hannu ne. Ka kwance sukurun da ke riƙe da rariya, za ka ga abin da ke bayanta, kuma zai yi wuya ka sake shan gahawa daga injin kafin ka goge shi. Ka jiƙa rariyar da ƙoƙon da kan ludayin a ruwan zafi da garin wanki irin su Cafiza ko Puly Caff na kamar minti 20, ka bi da buroshi. Mariƙin ludayi, na roba ne ko na katako, kada ya shiga ruwan. Duk wani ɓangare na alminiyom ma kada ya shiga, garin yana cin sa ya mai da shi toka-toka.

Akwai kuma wankin da ake tilasta wa ruwa ya koma da baya, wanda ake yi da ƙoƙo marar huji. Wannan ba na kowane inji ba ne, sai mai bawul mai hanya uku. Alamarsa, idan ka kashe famfo za ka ji fus, ragowar ruwa ya zuba a farantin ƙasa. Idan naka yana yin haka, ka zuba garin wanki kamar giram 3 a ƙoƙon, ka kunna famfo sakan 10, ka kashe sakan 10, sau biyar, sannan ka maimaita da ruwa zalla. Idan ba ya yi, ka bar wannan wankin, don ruwan ba shi da mafita. Garin wankin nan ba a zuba shi a tanki, kuma ba a haɗa shi da maganin ƙanzo. A ƙarshe ka zaƙulo tsohuwar robar, ko da gutsure-gutsure za ta fito, ka sa sabuwa daidai da kaurin ta injinka. Ta silikon ta fi daɗewa da laushinta. Bututun tururi ka jiƙa bakinsa, ka buɗe hujinsa da allura, domin busasshiyar madara ce ke toshe shi.

Yanzu injin niƙa, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Esfireso ruwa ne mai zafin digiri 90 zuwa 96 da famfo ke turawa da ƙarfin bar 9 (bar ma'aunin matsi ne) ta cikin gari. Abin da aka saba farawa da shi giram 18 na gari ya ba da giram 36 a kofi cikin sakan 25 zuwa 30. Babu abin da ke riƙe ruwan ya ɗauki wannan lokaci sai laushin garin. Ya yi tsaki-tsaki kaɗan, ruwa ya wuce da gudu ka sha tsami. Ya yi laushi fiye da kima, ya shaƙe injin ka sha ɗaci. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai kaurin gashi ba. Saboda haka injin niƙa mai wuƙa irin ta bilenda ba ya cikin lissafi, sara yake yi, wani ya zama ƙura wani ya zama tsakuwa. Mai haƙora biyu ake nema, wanda ake iya matse tazararsu kaɗan-kaɗan.

Na juyawa duk kuɗinsa a haƙora da sandar tsakiya suke tafiya, babu mota babu waya, shi ya sa idan kuɗi ɗaya za ka kashe, niƙansa yakan fi na lantarki kyau. Ba ya ƙara, ba ya cin wuri, kuma kusan abin da ka zuba shi ke fitowa. Amma ka duba matakan saitinsa. 1Zpresso J-Max kowane mataki maikiron 8.8 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), JX-Pro kuma 12.5, duka sun dace da esfireso. Comandante C40 injin kirki ne, sai dai matakinsa ya kai kusan maikiron 30, don haka masu esfireso sukan ƙara masa wani abin saiti da ke raba matakin biyu. Wahalar na juyawa a damtse take. Giram 18 mai laushin esfireso zai ci maka rabin minti zuwa minti ɗaya, ƙwayar da ba a gasa ta sosai ba kuma ta fi tauri. A makon farko da kake neman saiti, kana niƙawa kana zubarwa, za ka ji a jikinka.

Na lantarki sauƙi yake sayarwa: ka danna, cikin 'yan sakanni an gama, ko kofi biyar za ka haɗa a jere. Yana da ƙara, kuma yawancinsu suna riƙe ɗan gari a ciki, wanda zai kwana ya gauraye da sabo in ba ka fara zubar da kaɗan ba. A nan ne aka fi yin kuskuren saye, araha kuwa ba ta ado. Baratza Encore na asali an yi shi ne don gahawar tacewa, sai a 2023 kamfanin ya fitar da Encore ESP wanda matakansa 20 na farko ƙanana ne saboda esfireso. Eureka Mignon, na birnin Fulorans a Italiya, ba shi da matakai ma, murɗawa kake yi ka tsaya inda kake so. Niche Zero kuma an ƙera shi don mai auna kowane kofi daban. Muhawarar haƙora masu tsini da masu faɗi ka ajiye ta tukuna, bambancinsu bai kai na kyakkyawan saiti da mummuna ba.

Da ni ne a matsayinka, in kofi ɗaya ko biyu nake sha a rana, na juyawa mai kyau zan saya, ragowar kuɗin in sayi sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, da sabuwar roba, da sabon ƙoƙo. In kuwa mutum uku ko huɗu ne ke jira da safe, ko hannunka yana ciwo, na lantarkin da aka yi don esfireso ya fi maka, ko da za ka ɗan jinkirta ka tara.

Ka kuma ɗaga ƙoƙon da injin ya zo da shi ka duba ƙasansa a haske. Idan huji ɗaya tak ka gani, irin mai bango biyu ne, wanda aka yi don garin da aka sayo a niƙe. Yana yin kumfa ko yaya garin yake, don haka ba zai nuna maka aikin sabon injin niƙanka ba. Ka nemi mai huji da yawa daidai da faɗin ludayinka, milimita 58 a Gaggia Classic da Silvia, ƙananan injuna da yawa kuma 51 ko 54. Kofi biyun farko bayan wankin ka zubar da su, na ukun ka auna lokacinsa ka gaya min sakan nawa ya ɗauka.