Kayan ƙarfe na Japan: wanne ake ɗorawa a wuta, wanne ba a ɗorawa

Duk wanda ya shiga neman kayan ƙarfe na hannu daga Japan, abin da zai fara cin karo da shi wata baƙar buta ce mai ɗige-ɗige a jiki. Adon nan sunansa arare, wato ƙanƙara, kuma a aikin hannu na gaske maƙeri ne ke danna kowane ɗigo a mazubi, ɗaya bayan ɗaya. Ana kiran wannan sana'a Nambu tekki, ta Morioka da Mizusawa a lardin Iwate. A Morioka ta kafu tun ƙarni na 17. A kan wannan buta kuma masu saye suka fi tafka asara, domin butocin iri biyu ne, a hoto kuwa kamar an tsaga kara.

Ta farko ita ce tetsubin. Cikinta baƙin ƙarfe ne zalla, an gasa shi a gawayi mai zafin kusan digiri 900 don ya rage tsatsa. Aikinta ɗaya ne: tafasa ruwa, a kan gawayi ko gas mai ƙaramar wuta. Ba a sa mata sabulu, ba a kankare cikinta, ba a barin ruwa ya kwana a ciki. Kana juyewa sai ka buɗe murfi, zafinta ya busar da ita. Jan tabo zai fito ko ba jima ko ba daɗe. Muddin ruwan na fita garau, ka ƙyale shi. In ya fara launi, ka dafa koren ganyen shayi a ciki, tsatsar za ta yi baƙi ta lafa. Mai son shayin da ake dafawa da madara da sukari ya nemi wata tukunyar, wannan ba tasa ba ce.

Ta biyu, tetsu kyusu, ƙarama ce, tana da matacin ganye, an shafe cikinta da abu mai sheƙi irin na tangaran. Kamfanin Iwachu, wanda ya fara aiki a 1902, ya yi suna da yin su ja, shuɗi da kore don kasuwar Turai, musamman Faransa. Jiƙa shayi kawai ake yi a ciki. Ka ɗora ta a wuta, shafen ya tsage. Ba ta buƙatar lallaɓa sosai, kuma a ganina ita ta fi dacewa da yawancin gidaje, ko da yake masoya tetsubin ba za su yafe mini ba.

Wanda nauyi ya dame shi ya duba jan ƙarfen Tsubame a lardin Niigata. Gidan Gyokusendo tun 1816 suke bugun falle guda da guduma har ya zama buta. Mafi daraja ita ce wadda har bakinta daga fallen nan aka fitar, babu haɗi. Tana saurin zafi, launinta na ƙara nuna da shekaru. Kuɗinta dai sai ka shirya.

Sai kuma abin da ko kusa da murhu ba ya zuwa. Kamfanin Nousaku na garin Takaoka, da aka kafa a 1916, suna yin kwandon KAGO da kuza zalla, mai taushin da za ka lanƙwasa da hannu yadda kake so. Kuza na narkewa a digiri 232, kuma yawan lanƙwasa wuri ɗaya yana karya ta. Kyauta ce mai kyau, amma kayan tebur ne. Ni da zan zaɓi abu ɗaya daga wannan ɓangare, gwangwanin ajiye shayi na Kaikado zan ɗauka, wanda ake yi a Kyoto tun 1875: ka ɗora murfin ka sake shi, ya sauka a hankali da nauyin kansa ya rufe ruf.

Kafin ka biya, ka ce mai sayarwa ya turo hoton cikin butar da tambarin maƙera. Kwaikwayo ya cika intanet, kuma ana yawan liƙa sunan tetsubin a kan mai shafen ciki. Ka tambayi nauyi ma, don ta lita ɗaya kan kai wajen kilo 1.5, kuɗin aikowa kuwa da nauyi ake lissafa shi. Ka nemi a naɗe ta sosai, saboda ƙarfen zubi in ya faɗi ba ya lotsewa, fashewa yake yi.