Na'urar auna hasken ganye: tana aiki, amma ba don ranar Maradi aka yi ta ba

Wata huɗu ke nan da na karɓi na'urar nan ta hannu mai auna hasken da ganye ke mayarwa. Abin da ya ja ni gare ta, na ga irinta masu bincike ke riƙewa a Toolik, can arewacin Alaska, suna auna gansakuka da gajerun tsirran da ke fitowa a ƙasar da ƙarƙashinta ƙanƙara ce rani da damina. Na ce abin da ya gane lafiyar gansakuka ba zai kasa gane ta albasar Jiratawa, nan kusa da Maradi, ba.

Da farko wallahi ta burge ni. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske ya mayar da wani wanda ido ba ya gani, ita kuma ta gwama biyun ta ba ka lamba tsakanin -1 da 1. Wani fage ina ganinsa kore shar, ita ta nuna ya yi ƙasa, bayan kwana biyar ya fara rawaya. Mai gonar ya ce mini, "Ɗana, abin nan naka ya riga idona."

Sai a watan Afrilu. Ƙa'ida ita ce a auna da tsakar rana, sama ba girgije, bayan an daidaita ta da farin farantinta, wanda ake fara haska ta a kansa don awonta ya zo daidai. A Alaska lokacin ne rana ke ɗan ɗagawa, a nan kuwa lokacin ne zafi ke wuce digiri 40. Na gama fage 26, gumi na zuba, sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Na kai ta inuwar bedi ta huce, da ta tashi babu lamba ko ɗaya. Aikin yini guda, da kuɗin kabu-kabu, da alkawarin da na yi wa malamina na kawo sakamako ranar, duk sun tafi. Na dawo gida na buɗe littafinta: shafi biyu cur kan yadda za a kare batir daga sanyi, kan zafi ko layi ɗaya.

Ga farantin ma, ƙura kaɗan ta hau shi lambobi su karkace, kuma an hana goge shi da tsumma.

Na so in ce a saya, don in ta tsaya tana faɗin gaskiya. Amma duk na tuna jikkunan da na zuba, da mai sayarwar da ya karanta saƙona a WhatsApp sau uku bai amsa ba, sai raina ya ɓaci. Yanzu da farin ƙyalle nake lulluɓe ta, kowace lamba kuma ina rubuta ta da biro nan take.