Manhajar Signal a Maraɗi: abin da take karewa da abin da ya fi ƙarfinta

Signal manhaja ce ta aika saƙo da yin kira, kuma duk wanda hannunsa ya faɗa a kan WhatsApp ba zai sha wuya ba kafin ya iya ta. Ana rubutu, ana aika saƙon murya da hoto da bidiyo, ana kira, ana buɗe zaure na dangi ko na abokan sana'a. Kyauta ake sauke ta, ba a biyan ko dala, kuma babu talla a cikinta. Na jima ina aiki da ita tare da ƴan gidanmu da wasu abokan hulɗa a nan Maraɗi da Yamai da Katsina, kuma ra'ayina shi ne ta cika alkawarin rufa wa mai ita asiri fiye da duk wata manhajar hira da na sani, sai dai tana da naƙasun da ya fi ciwo a garinmu fiye da yadda zai yi a Turai, kuma akwai haɗurran da ba ta da maganinsu ko kaɗan.

Masu ita ba kamfanin neman riba ba ne. Wani masanin tsaron kwamfuta ɗan Amurka, Moxie Marlinspike, shi ya jagoranci ƙera ta, ta fito da wannan suna a 2014. A 2018 aka kafa gidauniyar da ke riƙe da ita, da dalar Amurka miliyan 50 daga hannun Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa WhatsApp, wanda ya bar kamfanin bayan Facebook ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 19. Da gudummawar jama'a take rayuwa, kuma gidauniyar ta faɗi da bakinta a 2023 cewa tafiyar da ita zai riƙa cin kusan dala miliyan 50 a shekara. Na kawo wannan tarihi ne domin shi ne tushen bambancin: wanda ke cin abinci da talla dole ya so sanin ko wane ne kai, wanda kuwa ba ya sayar da talla ba shi da abin da zai yi da wannan sani.

Mutane da yawa za su ce ai WhatsApp ma yana kulle saƙo, kuma gaskiya suka faɗa. Tun daga 2016 WhatsApp yake aiki da ainihin tsarin kullewar da mutanen Signal suka ƙirƙira, wanda ke rufe saƙo tun daga wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, ta yadda kamfanin waya ko kamfanin manhajar ba ya iya karanta shi a hanya. Bambancin yana wurin abin da ke kewaye da saƙon. Wanda ya ba direban tasha wasiƙa a liƙe ya kai Damagaram ya san direban ba zai karanta ta ba, amma direban ya san wanda ya ba shi, da wanda ya karɓa, da ranar, da kuma sau nawa ake aikawa a wata. WhatsApp yana tattara irin waɗannan bayanai: lambarka, irin wayarka, adireshin intanet da kake shiga da shi, lokutan da kake aiki da shi, sunaye da hotunan zaurukan da kake ciki, kuma tun 2016 yake miƙa wa Facebook lambobin masu aiki da shi. Wannan ba zargi ne na kan titi ba. A 2021 hukumar kare bayanai ta Ailan ta ci WhatsApp tarar yuro miliyan 225 saboda rashin bayyana wa mutane yadda yake sarrafa bayanansu, kuma a Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta maƙwabciyarmu Najeriya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan batu makamancin wannan.

Signal kuwa an gina ta ne ta yadda ita kanta ba za ta sani ba. Sunan da ka sa wa kanka, da hotonka, da jerin mutanen zaurenka, duk a kulle suke ko daga idon masu ita. Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga kotu: a 2016 masu bincike a jihar Bajiniya ta Amurka sun nemi Signal ta miƙa bayanan wasu mutane, sai ya zama abin da take da shi abu biyu ne kawai, ranar da aka buɗe asusun da lokacin ƙarshe da ya haɗu da intanet. An sake neman irin haka a 2021, amsar ba ta canza ba. Bugu da ƙari, rubutun da aka gina manhajar da shi a baje yake a fili, masana daga ko'ina suna iya duba shi, don haka ba maganar kamfani kaɗai ake dogara da ita ba.

Ba ina cewa wani kamfani a Amurka yana sayar wa abokin hamayyar Alhaji wane labarin wanda yake kira a Kano ko Kwatano ba ne. Abin da nake cewa shi ne duk bayanin da aka adana ana iya neman sa da takardar hukuma, ana iya sace shi, ana iya fitar da shi ta hannun ma'aikaci marar amana, wanda ba a adana ba kuwa babu mai iya ko ɗaya daga ciki. A gari irin namu da arzikinsa ya dogara ga fatauci ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, kuma a jihar da yankunan Madarunfa da Gidan Rumji suka sha fama da masu satar mutane don kuɗin fansa, sanin wanda zai taso da kuɗi da ranar da zai taso ba ƙaramin al'amari ba ne.

Amma abin da ya fi amfani kullum ƙananan abubuwa ne. Hoton da aka aiko maka ta Signal ba ya faɗawa cikin ma'ajiyar hotunan waya da kansa, yana nan cikin manhajar sai in kai ka fitar da shi. Wanda ya san yadda waya ke yawo a gidajenmu, daga hannun uwa zuwa na yara masu son kallo, zuwa teburin mai caji idan an ɗauke wuta, zuwa rumfar mai gyara a bakin babbar kasuwa, ya san darajar wannan. Ana iya sa wa manhajar makullinta, ana iya hana rubutun saƙo fitowa a fuskar waya, ana kuma iya sa saƙonni su goge kansu bayan ɗan lokaci, daga ƴan daƙiƙoƙi har zuwa mako huɗu. Tun 2024 kuma mutum na iya zaɓar laƙabi ya ba wanda yake son su yi magana ba tare da ya ba shi lambarsa ba, kuma wanda ba ya da lambarka a wayarsa ba ya ganin ta ko da kuna zaure ɗaya. Mata masu sayar da atamfa da turare ta waya, waɗanda baƙin maza ke tsintar lambobinsu a zauruka suna damun su da kira cikin dare, su ne suka fi kowa buƙatar wannan. Game da ingancin kira, muryar tana fita tas a cikin gari, saƙon murya ma yana tafiya ba tare da cin mega mai yawa ba. Inda rezo ya yi rauni kuwa, kowace manhaja ce tana shan wahala.

Naƙasu na farko, wanda ya fi duka girma, shi ne rashin jama'a. Manhajar hira ba ta da amfani sai wanda kake son magana da shi yana kanta, kuma a Maraɗi ciniki da gaisuwa da sanarwar suna da ta rasuwa duk a WhatsApp suke. Signal ba ta da sashen ƴan kasuwa na baje haja, kuma ko da tana da wurin ɗora hoton yini, babu masu kallo. Saboda haka ban ga mai sana'ar da zai iya barin WhatsApp gaba ɗaya ba, ban kuma ba kowa wannan shawara ba.

Na biyu, har yanzu sai da lambar waya ake buɗe asusu, kuma a Nijar ba a samun layi sai da takardar shaida. Laƙabin da na ambata yana ɓoye lambarka daga mutane, amma bai raba asusunka da ita ba. Ga kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye: lamba ɗaya kawai manhajar ke ɗauka a waya ɗaya, alhali ɗan kasuwar Maraɗi yakan riƙe layin Nijar da na Najeriya a aljihu guda, kuma WhatsApp ya ba da damar asusu biyu tun 2023. Haka nan kowane zubi na Signal yana daina aiki bayan kwana 90 in ba a sabunta shi ba. Dalilin tsaro ne, na kuma yarda da shi, amma ga wanda aka tura wa manhajar daga wayar aboki, kuma yake sayen mega na ɗari biyu ko ɗari biyar, sabuntawa kuɗi ne.

Sai batun ɓatan waya. Saƙonninka a cikin wayarka suke, don haka idan ta faɗi ko aka sace ta, tarihin hirarka ya tafi, sai in ka riga ka kunna ajiya. A wayoyin Android akwai ajiyar da ake kullewa da lambobi 30, a 2025 kuma aka fara kawo wata ta intanet mai doguwar lambar sirri, kuma duk wanda ya ɓatar da lambar babu mai iya dawo masa da komai, har masu manhajar. Mai rubuta bashi da lissafin kaya a cikin hira ya kamata ya san wannan tun kafin ya fara, ya kuma riƙe littafinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada wani ya sauke Signal ya zaci ya shiga inda doka ko sharri ba sa kaiwa. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 tana nan, kuma bayan an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi a 2022, an mayar da shi a Yunin 2024: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna, 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a. Mai shigar da ƙara a irin wannan shari'a ba ya buƙatar fasa makullin kowa, ya ishe shi wani daga cikin zauren ya ɗauki hoton saƙon ko ya tura muryar gaba, kuma Signal ba ta iya hana wanda ka aika wa ya yi haka. A Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka sun tattauna shirin kai hari Yaman a wani zauren Signal, bayan sun saka editan mujallar The Atlantic a ciki bisa kuskure. Makullin bai karye ba, amma ɗan jarida ya karanta komai. Haka kuma idan aka dasa wa wayar kanta manhajar leƙen asiri irin Pegasus, wadda WhatsApp ya kai masu ita ƙara a 2019 a kan kutse a wayoyin mutum kusan 1,400, to ana karanta saƙon ne bayan ya buɗe. Idan kuwa aka yanke intanet ɗin salula, kamar yadda aka yi a Nijar na tsawon kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, Signal tana mutuwa tare da sauran.

Na sha jin ana cewa wanda ba ya da abin ɓoyewa ba ya buƙatar irin wannan manhaja, kuma ƴan ta'adda ne za su fi morar ta. Ban raina wannan magana ba, domin mun san abin da rashin tsaro ya yi wa ƙauyukanmu. Amma takardar likita, da rikicin aure da ake sasantawa, da rabon gado, da bashin da ke kan mutum, babu laifi a ko ɗaya, kuma babu wanda ke son a baje su. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma hana shiga gidan wani ba da izini ba. Ƙasarmu ma tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar HAPDP da ke kula da ita, ko da yake a 2020 majalisa ta amince da dokar da ta ba da damar sauraron sadarwa saboda tsaro. Ba a iya yin makullin da zai buɗe wa jami'i mai gaskiya kaɗai ya ƙi buɗe wa ɓarawo, kuma wannan ne ya sa nake ganin raunana shi zai fi cutar da talaka fiye da mai laifi, wanda kullum yana da wata hanyar.

Ina ba da shawarar ta ga iyali masu maganar kuɗi da lafiya tsakaninsu, da ƴan jarida, da lauyoyi, da ma'aikatan asibiti, da ɗalibai mata na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ba sa son lambarsu ta yi yawo, da fataken da ke bin hanyar iyaka. Wanda kuwa ke tunanin komawa Telegram don neman sirri ya sani cewa zaurukanta da hirarta ta yau da kullum ba su da irin wannan kullewa. Duk wanda ya sauke Signal, ya fara da sa lambar sirrinsa, sannan ya kunna makullin rajista, wanda ke hana wani buɗe asusun da layinka ko da ya yaudare ka ka karanta masa lambobi shida da aka turo maka, irin damfarar da ta raba mutane da yawa a garin nan da asusunsu. Bayan haka ya kashe bayyanar saƙo a fuskar waya, ya sa wa hirarrakin kuɗi wa'adin gogewa, kuma duk lokacin da manhajar ta sanar da shi cewa lambar tsaron wani, wato lambar da ke tabbatar da makullin hirarsu, ta canza, ya kira mutumin ya ji muryarsa kafin ya aika masa ko dala.